Waiwaye: Yadda aka kai ga auna kaurin jijiyar wuyan yara masu lafiya

A 1953 likitocin sojan Amurka suka fitar da sakamakon binciken gawarwakin sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya. Samari ne 'yan shekara 22 ko kusa da haka, amma an tarar kitse ya fara taruwa a jijiyoyin jini na zuciyar kashi 77 cikin ɗari na sojojin. Ashe cutar da ake ɗauka ta tsufa ce tun da ƙuruciya take kafa tushe.

Sai dai a lokacin ba a ganin bangon jijiya, inda kitsen ke taruwa, sai mutum ya rasu. Shi ya sa binciken garin Bogalusa na jihar Luwiziyana ta Amurka, wanda Gerald Berenson ya faro a farkon shekarun 1970, ya dogara da awon nauyin yara da hawan jininsu da kolestirol ɗinsu, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini.

A 1986 ne Paolo Pignoli da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka buɗe ƙofa. Sun nuna cewa sikanin, irin wanda ake yi wa mai juna biyu, yana fito da layuka biyu farare a bangon babbar jijiyar wuya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin shimfiɗa biyu na cikin bangon. Yaro zai kwanta rigingine, a ɗan karkata kansa, a shafa mai a wuya, a ɗora kan na'urar ƙasa kaɗan da inda jijiyar ta rabu biyu. Ba allura, ba ciwo.

A 2003 binciken Bogalusa da wani na ƙasar Finlan suka nuna cewa yaran da kolestirol ɗinsu ya yi yawa sun girma da bango mai kauri. A 2004 likitocin birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka ba yara 214 masu gadon yawan kolestirol maganin rage shi mai suna pravastatin, ko na bogi. Bayan shekara biyu, kaurin ya ɗan ragu a wurin waɗanda suka sha na gaske.

To, yaya za a ce bango ya yi kauri alhali ba a san na lafiyayye ba? Wannan ne ya wajabta auna yara masu lafiya, kuma a ganina shi ne aikin da ya fi wuya. Kaurin bai wuce kusan milimita 0.4 ba, don haka karkacewar hannu kaɗan tana sauya sakamako. Ga shi kuma yana ƙaruwa da shekaru da tsawo, ba tare da wata cuta ba. A 2013 wasu likitocin yara na Turai suka fitar da jadawalin kaurin bangon daga awon yara masu lafiya 1,155 'yan shekara 6 zuwa 18, wanda ya yi la'akari da jinsi da tsawo.

A wannan shekarar kuma ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka ce kada wannan awon ya zama gwajin kowa da kowa, ko ga manya. A wurin yara ma ya fi amfani ga bibiyar masu ciwon ƙoda, ciwon suga, hawan jini ko ƙiba, a hannun ƙwararre mai jadawalin da ya dace da yaran da yake aunawa.