Tsarin Dogon Zango a Jami'o'in Najeriya

Tsarin dogon zango shi ne shirin da jami'a, ko hukumar da ke kula da jami'o'i, take yi wa shekaru masu zuwa: yawan ɗaliban da za a ɗauka, tsangayoyin da za a buɗe, malaman da ake buƙata, da inda kuɗin zai fito. A Najeriya gwamnati ce ta fara shi.

Kwamitin Ashby

A 1959, ana dab da samun 'yancin kai, gwamnatin tarayya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Ashby domin ya hango buƙatun ƙasar na ilimi mai zurfi tsawon shekara 20, daga 1960 zuwa 1980. Mutum tara ne, uku 'yan Najeriya, uku daga Birtaniya, uku daga Amurka. Cikin 'yan gida akwai Kenneth Dike da Shettima Kashim Ibrahim. Masanin tattalin arziki Frederick Harbison ne ya ƙiyasta yawan ƙwararrun da ƙasar za ta buƙata.

Lokacin, Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 tana ƙarƙashin Jami'ar Landan. Rahoton da aka miƙa a 1960 ya ba da shawarar jami'o'i huɗu, a Ibadan da Nsukka da Zariya da Legas, da ɗalibai kimanin 7,500 zuwa 1970. Gwamnatin Yankin Yamma ba ta gamsu ba, ta kafa tata a Ife, sai ga jami'o'i biyar a 1962. Adadin ɗaliban ma an zarce shi tun kafin wa'adin ya cika. Duk da haka, rahoton ne ya haifar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, a 1962, wadda doka ta ƙara wa iko a 1974.

Bayan Ashby

Da kuɗin man fetur ya shigo, an ƙara cibiyoyi bakwai a 1975, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Faɗuwar farashin mai a shekarun 1980 ta bar gine-gine da dama ba a kammala ba. Asusun harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, shi ke ɗauke da ayyukan gini masu yawa.

A yau jami'o'i kan rubuta nasu kundin tsarin, galibi na shekara biyar. Aiwatar da yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malamai ta ASUU ya daɗe yana jawo taƙaddama.