Fassarorin Alƙur'ani da Turanci

Malamai ba sa ɗaukar fassara a matsayin Alƙur'ani. Bayanin ma'anoninsa ce kawai, ba a salla da ita.

Tarihi

Fassarar Turanci ta farko ta fito a Landan a 1649, ana jingina ta ga Alexander Ross, wanda ya ɗauko ta daga fassarar Faransanci ta André du Ryer. A 1734 George Sale ya fassara daga Larabci, ya jingina sosai da fassarar Latin ta Marracci, kuma aikinsa ya fi shekara ɗari yana tashe. A 1861 Rodwell ya jera surori bisa abin da yake ganin tsarin saukarsu ne, don haka neman sura a littafinsa sai da wahala.

Daga Indiya Musulmi suka karɓi aikin. Pickthall, Baturen Ingila da ya musulunta kuma yake zaune a Indiya, ya fitar da tasa a 1930 bayan tuntuɓar malamai a Masar. Ta Abdullahi Yusuf Ali ta fara fitowa juzu'i-juzu'i a Lahore a 1934, da Larabci a gefe da sharhi fiye da 6,000 a ƙasan shafi. Wajen shekarun 1980 aka sake tace ta, aka cire wasu sharhin, shi ya sa bugu biyu masu sunansa kan saɓa.

Karɓuwa

An soki ta Muhammad Asad (1980) da yawan tawili kan mu'ujizai, ta Hilali da Khan kuma da cusa tafsiri cikin baka biyu a tsakiyar aya. Masu karatun yau da dama suna jin daɗin sauƙaƙan Turancin Abdel Haleem (2004).

A Zariya

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru da Kongo, kan buƙaci fassarorin Turanci wajen rubutun bincike. Sauran jama'a sun fi dogara da tafsirin watan azumi da fassarar Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi.

Wata matsala da ake fuskanta ita ce lambar aya. Yawancin fassarorin ruwayar Hafs suke bi da ƙidayar Kufa, ayoyi 6,236, alhali makarantun allo Warsh suke karantawa, bugunsa kuma ƙidayar Madina yake bi, 6,214. Baƙara aya 286 ce a ta farko, 285 a ta biyu. Mai kawo hujja sai ya ambaci farkon ayar da Larabci tare da lambarta.