Waiwaye: yadda tsohuwar wuskin Sikotlan ta zama kayan gwanjo

A watan Nuwamba na 2023 aka buga gwanjon kwalba ɗaya tak ta giyar wuski mai suna Macallan 1926 a gidan gwanjon Sotheby's da ke Landan, ta tashi kusan fam miliyan 2.2, kuma kwalba 40 ne kacal aka ɗura daga gangar bayan giyar ta yi shekara 60 a ciki. Ni dai ba tallar giya nake ba, tarihin kasuwar ne ya ja hankalina.

Rubutun farko da ya ambaci sana'ar dafa wuski a Sikotlan na 1494 ne, cikin littafin baitulmalin sarki, inda aka ba wani malamin coci John Cor tsiron sha'ir ya dafa. Daga 1644 gwamnati ta fara ɗora haraji, manoma kuwa suka kwashe tukwanensu suka shige duwatsu, aka yi ta fasa-ƙwauri har zuwa 1823 da aka rage haraji aka ce fam 10 ya isa lasisi. George Smith mai masana'antar Glenlivet ya karɓa a 1824, maƙwabtansa suka ji haushi sosai, dole ta sa ya riƙa yawo da bindiga.

Abin da mutane ba su cika lura ba, irin wadda masana'anta ɗaya ke yi da zallar sha'ir a tukunyar tagulla, wadda yau ake rububinta, da can ba ita ce a gaba ba. Tunda Aeneas Coffey ya fito da injinsa na tace giya a 1830 aka samu mai araha, sai aka koma gauraya ta da ta sha'ir ɗin, masana'antun ƙauye suka zama masu sayar wa manyan kamfanoni sari kawai. Sai a 1963 masana'antar Glenfiddich ta fara tallata zallar tata a ƙasashen waje da gaske.

To ina tsadar ta samo asali? Yawanci daga asara wallahi. Farkon shekarun 1980 kaya ya yi yawa kasuwa ta faɗi, a 1983 aka rufe masana'antun Port Ellen da Brora da wasu da dama, gangunan da suka rage aka bar su a sito ba mai kallonsu, kuma duk shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin ganga yana bin iska, ka ga kullum raguwa yake ba ƙari. Da masu kuɗi suka farga sai farashi ya haukace. An sake buɗe Brora a 2021, Port Ellen a 2024, amma dai na da ɗin ake nema.

Inda kuɗi yake kuma 'yan jabu ba sa nisa. A 2018 wata cibiyar bincike ta jami'o'in Sikotlan ta gwada kwalabe 55 da ake cewa tsofaffi ne, 21 suka fito na bogi.