Ƙashi, tsoka da gaɓa: tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Kusan kullum a wurin aiki nan Tahoua tambayoyin nan ake jero mini. Ga amsoshinsu, kowa ya karanta.

Ƙashi nawa ne a jikin mutum?

206 ga babba. Jariri yana zuwa da kusan 300, wasu su haɗe yana girma.

Da gaske haƙarƙarin mace ya fi na namiji yawa?

A'a. 24 ne, 12 a kowane gefe, namiji da mace.

Maɗigar jaririna tana motsi, ciwo ne?

Ba ciwo ba ne, uwa, kwantar da hankalinki. Ƙasusuwan kansa ne ba su gama haɗewa ba, galibi tana rufewa kafin shekara 2. Amma in ta faɗa ciki kuma yana zawo, ruwan jikinsa ne ya ragu. Daina shafa mata haɗin gargajiya, ki ba shi ruwan gishiri da sukari, ki kawo shi likita.

Ɗana ya faɗo daga kabu-kabu, hannu ya kumbura. Maɗori ko likita?

Wannan ita ce ke hana ni barci. Ba zan ce maɗora ba su san aiki ba. Karaya mai sauƙi wadda ƙashin bai goce ba takan warke a hannunsu, domin ƙashi rayayyen abu ne, shi ke ɗinke kansa in an hana shi motsi. Na kuma san kuɗin hoto ba kowa ke da su a aljihu ba. Sai dai hannun maɗori ba ya ganin ciki. Ko ni ba na rabe targaɗe, wato jijiyar da ke riƙe gaɓa ta miƙe ko ta yage, da tsagewar ƙashi sai an yi hoto, wanda muke kira radiyo. A yaro kuwa, kusa da gaɓa ne wurin da ƙashi ke ƙara tsawo. In karayar ta bi ta nan aka ɗora a karkace, hannun na iya girma a karkace. Karayar gwiwar hannu, ko ta cinya, ko ta baya, ko wadda ƙashi ya huda fata, ba ta gida ba ce, ko da za a tura ku Yamai. In kuma an riga an ɗora, to ku sa ido: yatsu sun yi sanyi, sun mutu, sun fara baƙi, ko zafin na ƙaruwa yaro na kuka ba sauƙi, karan ɗorin sun matse hanyar jini. Ku kwance ɗorin, ku taho a daren nan. Kada wani ya ce muku haƙuri, zafin ɗori ne. Haka ake kawo mana hannu ya ruɓe, ba abin yi sai yankewa.

Kwana nawa karaya ke warkewa?

Ya danganta. Hannu kamar sati 6, ƙwauri watanni, yara sun fi saurin warkewa. Ku daina cire filasta da kanku.

Me ya sa gwiwar tsofaffi ke ciwo?

Guringuntsin da ke bakin ƙashi ne ya siɗe, ƙashi na gogar ƙashi. Ƙiba na ƙara shi. Baba, zama wuri ɗaya ba magani ba ne, tsokar cinya mai ƙarfi ita ke tallafar gwiwa. A riƙa tafiya kaɗan-kaɗan.

Tsoka nawa ce?

Sama da 600.