Tantance Bayanin Kayan Aikin Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Bayanin kayan aiki shi ne ɗan rubutun da mai tsara manhaja yake haɗa wa kowane aikin da ya ba wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da take aiwatar da ayyuka a madadin mutum, izinin aiwatarwa. Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin manhajar. Abu uku kawai yake gani: sunan aikin, da bayaninsa, da guraben da za a cike, waɗanda galibi ake tsarawa da JSON Schema, wata ƙa'idar fayyace irin bayanin da kowane gurbi yake karɓa. Da su yake yanke shawarar ya kira aikin ko ya ƙyale shi. Tantancewa ita ce gwada ko rubutun yana kai wakilin ga abin da mai aikin ya nufa.

Asali

Kamfanin OpenAI ya fito da hanyar da manhajarsa za ta kira ayyukan waje a watan Yunin 2023. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da Model Context Protocol, wato MCP, ƙa'idar da ta daidaita yadda ake gabatar wa wakili kayan aiki. Kafin nan akwai dandamali irin su Zapier da Make da n8n, inda mutum yake haɗa jerin ayyuka masu tafiya da kansu: idan kaza ya faru, a yi kaza. Yanzu wakili yana iya haɗa jerin, har ya kunna shi.

Inda kuskure yake shiga

A ɗauki mai shagon takin zamani a Daura da ya ce wa wakili, "Shirya mini saƙon da zai riƙa tuna wa masu bashi ranar biya." Wakilin yana da kayan aiki biyu, ɗaya yana adana jerin a matsayin daftari, ɗaya yana kunna shi nan take. Idan duka biyun an rubuta musu "yana ƙirƙirar jerin ayyuka", ba shi da hanyar bambance su. Ya ɗauki na biyu, saƙon neman bashi ya isa wayar dattijon da aka riga aka yi wa uzuri sai kaka, tun mai shago bai karanta ba. A ƙasar Hausa wannan magana ce ta mutunci, kuma saƙon da ya fita ba ya dawowa. Shi ya sa abin da ya fi komai muhimmanci a bayanin irin wannan aiki shi ne ya faɗi ƙarara ko yana taɓa mutanen waje, da ko za a iya warware abin da ya yi.

Guraben cikewa ma suna da nasu tarkon. Paystack, dandalin biyan kuɗi ta intanet, yana karɓar adadin kuɗi da kobo, don haka 5000 a wurinsa naira 50 ce. Lambar waya tana iya buƙatar +234 a maimakon sifilin farko. Agogon Najeriya yana gaban na Girinwic da awa 1. Duk wanda bayani bai ambata ba a cikin waɗannan, wakili zai cike shi da ƙiyasi.

Yadda ake gwaji

Ana tara buƙatu irin waɗanda mutane suke rubutawa da gaske, a ba wakili a wurin gwaji da ba ya aika komai waje, sannan a duba: ya zaɓi aikin da ya dace, ya cike guraben daidai? Ana saka buƙatun da amsarsu ita ce ya dakata ya yi tambaya, domin wakili mai gaggawa ya fi mai jinkiri ɓarna. Ana maimaita kowace buƙata sau da yawa, tunda amsar takan bambanta daga wani gwaji zuwa wani. Idan aka gyara jimla ɗaya, sai a sake gwajin gaba ɗaya.

Mai tsara manhaja a Katsina yana da ƙarin nauyi, saboda galibi bayanan kayan aiki da Turanci ake rubuta su, abokan cinikinsa kuwa da Hausa suke magana. "Kashe shi" na iya zama a dakatar da jerin, amma wakili zai iya ɗaukar sa a matsayin a goge. "Jibi bayan la'asar" sai an mayar da shi kwanan wata da ƙarfe. Sunan da aka rubuta da ɗ ko ƙ ba lallai ya dace da wanda aka adana da d ko k ba. Gwajin da bai ƙunshi irin waɗannan ba bai gwada wa Bakatsine komai ba.

Tsaro

Tun da wakili yana bin abin da bayani ya ce, mugu zai iya ɓoye umarni a ciki. Masu bincike na kamfanin Invariant Labs sun nuna haka a Afrilun 2025, inda bayanin da aka gurɓata ya sa wakili ya kwashi bayanan sirri ya tura waje. Sabunta MCP na Maris 2025 ya ƙara alamomin da ke nuna ko aiki karantawa kawai yake yi ko yana iya share wani abu, sai dai ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da alamomin idan ba daga amintacciyar majiya suka fito ba.