Waiwaye: Neman Rigakafi Ɗaya Tilo na Cututtukan Numfashi

A 1947 matsalar ta fito fili. Allurar rigakafin murar infuluwenza da Thomas Francis da Jonas Salk suka yi aiki a kanta ta kare sojojin Amurka a shekarun baya, amma a wannan shekara mura ta kwantar da waɗanda aka yi wa allurar kamar sauran jama'a. Ƙwayar cutar ce ta sauya kama. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke bin diddigin wannan sauyi, kuma har gobe masana na zama a Fabrairu da Satumba su zaɓi nau'ikan da za a sa a allurar kaka mai zuwa. Haɗa ta, galibi a cikin ƙwan kaji, yana cin kusan wata shida. Idan zaɓin ya dace, kariyar kan kai kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Amurka, a kakar 2014 zuwa 2015, kashi 19 aka samu.

Tushen wahalar wani furotin ne da ke tsaitsaye a bayan ƙwayar, mai siffar kai da kara. Garkuwar jiki kan take kai wa hari, kuma kan ne ke yawan sauyawa. Karan da wuya ya sauya, sai dai jiki bai cika kula shi ba. A 1993 masu bincike a Japan suka gano sinadarin kariya da ke kama karan, a 1999 kuma wasu a Beljiyam suka gwada wani ɗan guntun furotin, M2e, mai kusan iri ɗaya a duk murar rukunin A. Ɓeraye sun samu kariya. A jikin mutum, lamarin ya yi tauri: gwajin kamfanin BiondVax na Isra'ila, da ya haɗa mutum sama da 12,000, ya ƙare a 2020 ba tare da kariya ta a-zo-a-gani ba.

Jami'ar Pennsylvania ta bi wata hanyar a 2022: ta zuba dukkan nau'ikan mura 20 da aka sani a allurar mRNA ɗaya (irin fasahar da aka yi wasu alluran korona da ita), ta gwada a dabbobi. Ba ta hana kamuwa gaba ɗaya ba, ta dai rage tsanani da mutuwa. Ma'aunin da NIAID, cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka, ta gindaya a 2018, wato kariyar kashi 75 ta aƙalla shekara guda, babu allurar da ta cika shi tukuna.

Duk wannan mura ce kaɗai. Tunanin rigakafin da zai haɗa bairos da bakteriya daga wani wuri ya ɓullo: allurar BCG ta tarin fuka, wadda ake yi wa jarirai a Najeriya da Nijar, mai barin tabo a damtse. Binciken Peter Aaby a Gini-Bisau ya nuna alamun tana rage mutuwar jarirai daga cututtukan da ba tarin fuka ba. Bayanin da ake yi shi ne tana zaburar da garkuwar da aka haifi mutum da ita, wadda ba ta tantance abokin gaba. Amma gwajin BCG mai suna BRACE da aka yi wa ma'aikatan lafiya bai nuna ta kare su daga korona ba.

A kan wannan turba tawagar Bali Pulendran ta Jami'ar Stanford ta fitar da sakamako a farkon 2026. Ta ɗiga wa ɓeraye wani haɗi a hanci, wanda ke riƙe garkuwar huhu a farke, ya kare su daga ƙwayoyin korona da wasu bakteriya biyu har kusan wata uku.

Ɗoki bai kamata ya yi yawa ba. Huhun mutum ya sha cututtuka tun yarinta, na ɓeran ɗakin gwaji kuwa sabo ne fil, ga shi ɗigon hanci ba lalle ya isa can cikin huhun mutum ba. Garkuwar da ta daɗe a zabure tana iya jawo kumburi. Masu wannan fanni ba su manta da gwajin 1966 na rigakafin RSV, wata ƙwayar cutar numfashi mai addabar ƙananan yara, ba, inda allurar ta ƙara wa yara tsananin cutar har biyu suka rasu. Sai a 2023 aka amince da rigakafin RSV na farko. Don haka gwajin farko na ɗigon hancin a jikin mutane zai duba aminci ne da yawan abin da za a ba mutum, kafin a zo batun ko yana karewa.