Ƙoda da Yadda Fitsari Ke Samuwa

Ƙoda gaɓa ce ta cikin jiki da ke tace jini, ta fitar da dattin da ya narke a cikinsa, ta kuma daidaita yawan ruwa da gishiri da tsamin da ke cikin jinin. Abin da ya saura bayan wannan aiki shi ne fitsari. Ƙoda biyu, da bututun da ya sauko daga kowacce, da mafitsara, da hanyar da fitsari ke bi ya fita waje, su ne a haɗe ake kira tsarin fitsari. Mutane da yawa suna kallon ƙoda a matsayin magudanar datti kawai, alhali babban aikinta shi ne tsare jini a kan ma'auni ɗaya, ko mutum ya sha ruwa lita huɗu ko ya wuni bai ɗiga komai a bakinsa ba.

Mazauni da siffa

Ƙodojin suna can bayan ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu da ƙashin baya, haƙarƙarin ƙasa ya rufe samansu. Ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda hanta ta danne ta. Kowacce tana da siffar ƙwayar wake, tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta wajen giram 150. Duk da wannan ƙanƙanta, kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na jinin da zuciya ke bugowa a lokacin hutu ta cikinsu yake ratsawa, wato sama da lita ɗaya a kowane minti.

Idan aka tsaga ƙoda gida biyu a tsaye, za a ga ɓangaren waje mai ɗan haske, sannan ɓangaren ciki mai duhu wanda ya kasu gunduwa-gunduwa masu tsini, duk tsinin yana kallon tsakiya. Daga bakin tsinin nan fitsari ke ɗiga cikin wasu ƙananan kofuna, su kuma su zuba a wani fili mai kama da mazurari, wanda ƙarshensa ya zama bututun da ke sauka zuwa mafitsara.

Nefron, inda aikin yake

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, ko da yake adadin ya bambanta sosai tsakanin mutum da mutum. Sunan kowacce nefron. Ana haihuwar mutum da adadinsa, kuma wadda ta mutu ba a sake yin wata a madadinta. Nefron tana farawa da wani dunƙule na siraran jijiyoyin jini da ake kira gulomerulas, wanda ke zaune cikin wani ɗan ƙoƙo, sannan wani dogon bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe ya tashi daga ƙoƙon. Marcello Malpighi, likita ɗan Italiya, shi ya fara bayyana waɗannan dunƙulallun jijiyoyi a 1666. A 1842 William Bowman na Ingila ya nuna cewa ƙoƙon da ke kewaye da su a haɗe yake da bututun, shi ya sa ake kiransa ƙoƙon Bowman.

Matakin farko tacewa ce tsantsa. Jini yana shiga dunƙulen ta wata jijiya, ya fita ta wata da ta fi ta ƙunci. Wannan matsi ne ke tura ruwan jini ta cikin bangon jijiyoyin zuwa cikin ƙoƙon, kamar yadda ake matse abu a rariya. Ruwa, gishiri, sukari da ƙananan sinadarai suna wucewa. Ƙwayoyin jini da manyan furotin irin su albumin ba sa samun hanya. Carl Ludwig na Jamus ya kawo wannan ra'ayi tun a shekarun 1840, amma an daɗe ana jayayya a kai, sai a 1924 Joseph Wearn da Alfred Richards a Amurka suka soka siririyar allurar gilashi cikin ƙoƙon ƙodar kwaɗo, suka zuƙo ruwan suka gwada. Suka tarar babu furotin a ciki, amma akwai sukari, alhali fitsarin da ke mafitsarar kwaɗon ba shi da sukari. Da wannan aka gane cewa ana tacewa a sama, ana kuma kwashe wasu abubuwa a hanya.

Yawan abin da ake tacewa yana ba da mamaki: kimanin mililita 125 a minti ga baligi mai lafiya, wato wajen lita 180 a yini. Ruwan jinin mutum gaba ɗaya bai wuce lita 3 ba, ke nan yana ratsa matatar kusan sau 60 kullum. Amma fitsarin da ke fita lita ɗaya ne zuwa biyu. Sama da kashi 99 cikin ɗari yana komawa cikin jini.

A nan hikimar tsarin take. Ƙoda ba ta bin datti ɗaya bayan ɗaya tana tsintowa. Tana zubar da kusan komai ne, sannan ta bi ta ɗebe abin da ta san jiki na buƙata. Amfanin haka shi ne, ko da wani baƙon sinadari ya shiga jini wanda jiki bai taɓa gamuwa da shi ba, matuƙar ƙarami ne kuma babu mai maido shi, zai bi fitsari ya fita.

Maido da abin amfani

Kashin farko na bututun shi ne mai aikin ƙarfi. A nan ake maido da kusan kashi biyu cikin uku na ruwa da sodiyam, tare da dukan sukari da tubalan furotin. Masu ɗaukar sukarin suna da iyaka. Idan sukarin jini ya haura kimanin miligiram 180 a kowace mililita 100 ta jini, sai su kasa kwashewa, ragowar ya wuce cikin fitsari yana jan ruwa tare da shi. Dalilin ke nan da mai ciwon suga da ba a shawo kansa ba yake yawan fitsari da yawan ƙishirwa. A wannan kashi kuma bututun yana ɗauko wasu abubuwa kai tsaye daga jini ya jefa su cikin ruwan da ke wucewa, ciki har da magunguna irin su fenisilin.

Daga nan bututun ya nutsa cikin ɓangaren ciki na ƙoda, ya yi kwana kamar ƙugiya, ya sake hawowa. Wannan ita ce lanƙwasar Henle, da sunan Jakob Henle wanda ya bayyana ta a 1862. Hannun da ke sauka yana barin ruwa ya fita. Hannun da ke hawa ba ya barin ruwa ya fita ko kaɗan, amma yana turo gishiri waje. Sakamakon haka naman da ke kewaye da lanƙwasar yana ƙara gishiri yayin da ake nutsawa, har a can ƙasa kaurinsa ya kai ninki huɗu na jini: jini yana wajen 300 a miliyosmol, ma'aunin kaurin ruwa, ƙasan ƙoda kuma yana iya kaiwa 1,200. Wannan gishiri da aka tara tanadi ne. Bututun ƙarshe, wanda ke tattara ruwan nefron da yawa, dole ya ratsa ta wannan yanki kafin ya kai mazurari, kuma a nan ne ake yanke hukuncin ko fitsari zai fita tsinkakke ko mai kauri.

Masu ba da umarni

Mai yanke hukuncin wani homon ne, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, da ake kira basofiresin ko ADH. Wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamos, shi ke yin sa, kuma shi ne ke auna kaurin jini a kowane lokaci. A ɗauki mutumin da ya wuni yana aiki cikin rana, gumi ya jiƙa rigarsa, bai sha ruwa ba. Jininsa ya ɗan yi kauri. Nan take ƙwaƙwalwa ta tayar masa da ƙishirwa, ta kuma saki ADH cikin jini. Da homon ɗin ya isa bututun ƙarshe, sai wasu ƙananan ƙofofin ruwa da ake kira akwaforin su jeru a bangonsa. Gishirin da ke kewaye ya zuƙe ruwan ta cikinsu ya maida shi jini. Da yamma mutumin zai yi fitsari ɗan kaɗan, mai duhu, mai ƙarfin wari. Idan kuma ya zauna ya kwankwaɗi ruwa mai yawa, ADH zai ragu, ƙofofin su janye, kafin awa ɗaya ko biyu fitsari ya zo da yawa, fari kamar ruwa. Peter Agre na Amurka ya samu lambar Nobel a 2003 saboda gano waɗannan ƙofofi.

Da dare jiki yana ƙara sakin ADH, shi ya sa fitsarin safe ya fi duhu. Barasa kuwa tana danne shi. Akwai kuma cutar da homon ɗin ke ƙaranci ko ƙoda ta daina jin umarninsa, mai ita yana iya fitar da fiye da lita 10 a yini ba tare da sukari a ciki ba.

Kaurin fitsari yana da iyaka. Dole baligi ya fitar da aƙalla wajen rabin lita kullum domin dattin ya samu abin narkewa. Wannan iyaka ce ta sa ruwan teku ba ya kashe ƙishirwa: gishirinsa ya fi abin da ƙoda ke iya tattarawa, sai ta ɗebi ruwan jiki ta ƙara kafin ta iya fitar da shi.

Tsari na biyu yana kula da gishiri da ƙarfin bugun jini. Idan jinin da ke isa ƙoda ya ragu, kamar bayan zubar jini ko gudawa mai tsanani, wasu ƙwayoyi da ke bakin gulomerulas suna sakin renin, wanda Robert Tigerstedt da Per Bergman suka gano a 1898. Renin yana yanka wani furotin da hanta ke yi, sannan wani sinadari da ya fi yawa a huhu ya ƙarasa shi ya zama anjiyotensin na biyu. Shi wannan yana matse jijiyoyin jini, yana tayar da ƙishirwa, yana kuma sa ƙullutun da ke zaune a kan ƙoda ya saki aldosteron. Aldosteron yana umartar ƙarshen bututun ya riƙe sodiyam ya saki fotasiyam, ruwa kuma ya bi sodiyam. Da yawa daga cikin magungunan hawan jini wannan sarƙa suke katsewa. Idan kuma jini ya yi yawa har ya buɗa ɗakunan sama na zuciya, zuciyar da kanta tana sakin wani homon da ke sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa.

Tsamin jini ma yana hannunta tare da huhu. Jini yana zama tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami na pH, fitsari kuwa yana yawo daga 4.5 zuwa 8 gwargwadon tsamin da ake buƙatar zubarwa. Ban da fitsari, ƙoda tana yin homon eritrofoyetin mai sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, tana kuma ƙarasa sarrafa bitamin D domin ƙashi.

Abin da ke cikin fitsari

Kimanin kashi 95 cikin ɗari ruwa ne. Mafi yawan sauran yuriya ce, wadda hanta ke yi daga amoniya mai guba da ke fitowa idan an rushe furotin. Sai kiriyatinin daga tsoka, da yurik asid, da gishiri iri-iri. Launin rawaya yana zuwa ne daga ragowar tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini da aka rushe.

Daga ƙoda zuwa waje

Bututun da ke sauka daga kowace ƙoda tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne. Yana da tsoka mai matsawa bi da bi tana tura fitsari, don haka ko mutum yana kwance fitsari yana tafiya. Yana shiga bangon mafitsara a karkace, ta yadda idan ta cika sai bakin ya matse, fitsari ya kasa komawa sama. A wannan siririn bututu ne tsakuwar ƙoda kan maƙale, ta jawo azabar ciwo daga kwiɓi zuwa mara.

Mafitsara jaka ce ta tsoka da ke ɗaukar mililita 400 zuwa 600. Tun tana wajen 200 mutum yake fara jin motsi. Jijiyoyin da ke bangonta suna aika saƙo zuwa ƙarshen laka, daga can zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙofofi biyu ke tsare bakinta: ta ciki tana aiki da kanta, ta waje kuwa mutum ne ke riƙe da ita. Idan lokaci da wuri sun dace, ƙwaƙwalwa ta ba da izini, ƙofofin su saki, tsokar mafitsara ta matse. Jariri bai kai ga riƙe ƙofar waje ba, sai wajen shekara 2 zuwa 3 yake koyo, na dare kuma yakan ƙara jinkiri. Hanyar fita ta mace wajen santimita 4 ce, ta namiji kusan 20, wannan gajarta ce ta sa ƙwayoyin cuta suka fi saurin kaiwa mafitsarar mace. A namiji hanyar tana ratsa ƙullutun furostet, wanda kan girma da tsufa ya matse ta.

Idan ƙoda ta gaza

A 1827 Richard Bright, likita a Landan, ya nuna cewa majinyata masu kumburin jiki waɗanda fitsarinsu ke daskarewa idan an ɗora shi a wuta suna da lalatacciyar ƙoda. Abin da ke daskarewar albumin ne da ya tsallake matata. Har yau neman furotin a fitsari yana cikin gwaje-gwajen farko, tare da auna kiriyatinin a jini, wanda da shi ake ƙiyasta ƙarfin tacewa. Idan ƙiyasin ya zauna ƙasa da mililita 60 a minti har wata uku, ana ɗaukar sa a matsayin ciwon ƙoda mai daɗewa. Ciwon suga da hawan jini su ne manyan musabbabansa.

Abin tsoro a nan shi ne shirun ƙoda. Nefron da suka rage suna ɗaukar nauyin waɗanda suka mutu, shi ya sa mutum ke rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, kuma shi ya sa ake iya rasa fiye da rabin aikinta ba a ji komai ba. Sai daga baya kumburin ƙafa da fuska, da kasala, da ƙarancin jini, da tashin zuciya su bayyana. Mai ciwon suga ko hawan jini bai kamata ya jira waɗannan alamu ba kafin ya yi gwaji.

A matakin ƙarshe sai wankin ƙoda ko dashe. Willem Kolff ya haɗa na'urar wanki a Holan a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1945 ta ceci majinyaciya ta farko. A 1954 Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya ɗore a birnin Boston, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya. Wankin jini na yau da kullum ana yin sa ne sau uku a mako, wajen awa huɗu kowane zama. Na'urar tana cire yuriya da fotasiyam da ruwan da ya taru, amma ba ta yin eritrofoyetin kuma ba ta sarrafa bitamin D, don haka waɗannan sai an ba majinyaci su daban a matsayin magani.